Rabuwa a Dokar Ingila: Takardar da ke Raba Mutane da Wadda ke Raba Dukiya

A Ingila da Weils, mutum biyu na iya shiga ofishin rajista, su sa hannu a takarda gaban jami'i da shaidu biyu, su fito da haƙƙoƙi kusan iri ɗaya da na ma'aurata ba tare da an kira abin aure ba. Wannan shi ne zaman tare na rajista. Majalisar Birtaniya ta yi dokarsa a 2004, ta fara aiki a Disamba 2005, kuma da farko masu jinsi ɗaya kaɗai aka buɗe wa ƙofar. Haka aka tafi har Rebecca Steinfeld da abokin zamanta Charles Keidan suka shigar da ƙara, suna cewa su ba sa son aure saboda tarihin fifita miji da yake ɗauke da shi, amma suna son kariyar doka. Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a Yuni 2018, daga 31 ga Disamba 2019 kuma namiji da mace suka fara yin irin wannan rajista.

Najeriya ba ta da wannan tsari. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta haramta shi tsakanin masu jinsi ɗaya, ta kuma ce takardar da aka samo a waje ba ta da ƙarfi a ƙasar. Duk da haka akwai dalilin da zai sa Bahaushe ya san yadda ake warware shi. Hanyar da ake bi a kotu ita ce dai hanyar sakin aure a can, sai ɗan bambancin sunaye, kuma 'yan'uwanmu ɗalibai da likitoci da ma'aikatan jinya da ke zaune a Landan da Manchesta da Bamingam suna ƙarƙashin wannan doka, ko sun karanta ta ko ba su karanta ba.

Abu na farko, ba a warware rajistar sai ta cika shekara ɗaya. Kafin Afrilu 2022, wanda yake son fita sai ya gamsar da kotu cewa zama ya ƙare ta ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu: mugun halin da ba za a iya jure wa ba, ko a tafi a bar shi shekara biyu, ko rabuwar shekara biyu da yardar ɗayan, ko rabuwar shekara biyar ko da ɗayan bai yarda ba. A lokacin ma'aurata suna da hanya ta biyar, wato zina, wadda ba a taɓa sanyawa a dokar zaman rajista ba. Wannan tsari ya sa mutane da yawa suna tono laifin juna a rubuce don kawai kada su jira shekaru, sannan a ce su zauna su daidaita kan rainon yara.

Shari'ar Tini Owens ce ta nuna wa kowa inda tsohuwar dokar ke ciwo. Ta auri Hugh Owens a 1978, ta bar gidansa a Fabrairu 2015, ta kawo wa kotu misalai 27 na halin da ta ce ta gaji da shi. Mijin ya ce shi bai yarda aure ya mutu ba. Alƙali ya ce ƙorafin nata bai kai ba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a Yuli 2018, duk da alƙalan sun nuna ba su ji daɗin sakamakon ba. Mace mai shekara 68 aka ce ta ci gaba da zama matar mutumin da ba ta so har 2020, lokacin da shekara biyar za ta cika. Hayaniyar da ta biyo baya ta taimaka wajen haifar da dokar 2020, wadda ta fara aiki ranar 6 ga Afrilu 2022, ta shafi aure da zaman rajista baki ɗaya.

Yanzu magana ɗaya ta isa: mutum ya rubuta cewa zama ya lalace ba gyara. Kotu ba ta tambayar dalili, ɗayan kuma ba shi da ikon cewa ƙarya ne. Abin da zai iya ƙalubalanta ɗan kaɗan ne, kamar ya ce kotun Ingila ba ta da hurumi, ko rajistar tun asali ba ta inganta ba. Mutum ɗaya na iya nema, su biyun ma na iya nema tare, yawanci ta intanet, kuma kuɗin kotu fam 593 ne a lokacin da dokar ta fara aiki. Daga ranar da kotu ta karɓi takarda sai a jira mako 20 kafin a nemi hukuncin farko, sannan mako shida da kwana ɗaya kafin a nemi hukuncin ƙarshe, wanda shi ne ke tsinke igiyar. Wanda ya san hikimar idda ba zai yi mamakin wannan jira ba, domin an sa shi ne don zuciya ta huce, mai son komawa ya koma. A lissafi wata shida ne, a aikace yakan wuce haka.

Ni ina ganin gyaran ya yi daidai. Tilasta wa mutum ya zauna da wanda ba ya so bai taɓa gyara gida ba. Amma sauƙin da aka kawo ya zo da wani haɗari da ba a cika faɗa ba. Mutum ya cika takarda a wayarsa, bayan watanni hukuncin ƙarshe ya iso, ya ɗauka komai ya ƙare. Alhali hukuncin nan bai ce uffan ba a kan gida, ko fansho, ko ajiyar banki, ko ciyarwa. Haƙƙin kowannensu na neman dukiyar ɗayan yana nan a buɗe, kuma doka ba ta sa masa wa'adi ba.

Dale Vince ya ɗanɗana wannan. Ya auri Kathleen Wyatt a 1981 suna matasa ba su da komai, suka haifi ɗa, suka rabu bayan 'yan shekaru, kotu ta raba auren a 1992. Shi yana kwana a tsohuwar mota, ita tana fama da yara cikin talauci. Daga baya ya kafa kamfanin lantarki na iska mai suna Ecotricity, ya zama attajiri. A 2011, shekara 19 bayan saki, ta je kotu neman kaso. Kotun Ƙoli ta ce a Maris 2015 ba za a kori ƙararta don daɗewa kawai ba, tunda babu hukuncin da ya rufe maganar dukiya a tsakaninsu. A ƙarshe suka daidaita a kan fam 300,000. Wasu sun ga zalunci a ciki, wasu sun ga haƙƙin uwar da ta yi raino ita kaɗai. Ko wanne mutum ya ɗauka, darasin shari'a ɗaya ne, kuma ya hau kan masu zaman rajista kamar yadda ya hau kan ma'aurata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fayyace haka tun 2012 a shari'ar Peter Lawrence, ma'aikacin banki, da Donald Gallagher, ɗan wasan kwaikwayo, inda ta ce ma'aunin rabon dukiya ɗaya ne a tsarin biyu.

Ma'aunin kuwa yana farawa ne da jin daɗin yaran da ba su kai 18 ba. Daga nan alƙali ya duba abin da kowa yake samu da abin da zai iya samu nan gaba, buƙatunsa, shekarunsa, lafiyarsa, tsawon zaman, da gudummawar kowa. Tun shari'ar White a 2000, doka ba ta fifita wanda ya fita neman kuɗi a kan wanda ya zauna ya riƙe gida da yara. Abin da aka tara tare ana fara auna shi da rabi da rabi, sai dai a yawancin gidaje dukiyar ba ta isa gida biyu ba, don haka buƙata ce ke yanke hukunci, musamman buƙatar matsugunin yara. Wanda ya yi laifi a zaman ba ya rasa kasonsa saboda haka, sai laifin ya yi muni ƙwarai.

A nan ne yarjejeniyar rabuwa ke shigowa. Takarda ce da mutum biyu ke rubutawa tsakaninsu idan sun daina zama tare amma igiya ba ta tsinke ba. Masu buƙatarta iri-iri ne: waɗanda rajistarsu ba ta cika shekara ba, waɗanda ba su yanke shawarar rabuwa ta har abada ba, waɗanda addininsu ya hana su saki, da waɗanda suke son a san matsayin kowa a watannin jiran kotu. A ciki ake rubuta wanda zai zauna a gida da wanda zai fita, wanda zai ci gaba da biyan bashin gida ko haya da kuɗin wuta da harajin ƙaramar hukuma, yadda za a raba ajiya da mota da kayan ɗaki, nawa za a riƙa bayarwa duk wata, da ranakun da yara za su kwana wajen kowa. Amfaninta a fili yake. Lokacin rabuwa lokaci ne da kowa ke tuna magana yadda ta yi masa daɗi, abin da aka rubuta kuwa ba ya canza baki.

Tambayar da kowa ke yi wa lauya ita ce, shin takardar nan tana ɗaure mutum? Amsar gaskiya ita ce tana da nauyi, amma ba ta ɗaure hannun alƙali. Tun 1929, a shari'ar Hyman, manyan alƙalan ƙasar suka ce ma'aurata ba za su iya haɗa baki su ƙwace wa kotu ikonta na duba maganar ciyarwa ba. Dalilin shi ne rabuwa ba cinikin kasuwa ba ce. Sau da yawa ɗaya yana da kuɗi da lauya da natsuwa, ɗayan yana cikin tsoro ko gajiya, yana son ya sa hannu a kan komai don a ƙyale shi. Idan kuma aka bar shi hannu rabbana, al'umma ce za ta ɗauki nauyinsa.

Sai dai kada wannan ya sa kowa ya sa hannu da wasa, yana cewa ai kotu za ta gyara. A 1980, a shari'ar Edgar, wata mata ta amince da yarjejeniyar rabuwa da mijinta attajiri, ta yi alkawarin ba za ta ƙara neman wani kaso ba, duk da lauyoyinta sun gargaɗe ta cewa za ta iya samun fiye da haka. Da ta dawo neman ƙari, kotu ta ce ta riga ta zaɓa da idonta a buɗe. Shekara 30 bayan haka Kotun Ƙoli ta ƙara ƙarfafa wannan a shari'ar Katrin Radmacher, Bajamushiya mai gadon dukiya, da Nicolas Granatino, Bafaranshe da ya bar aikin banki ya koma karatu a Oksfod. Hukuncin Oktoba 2010 ya ce kotu ta mutunta yarjejeniyar da mutum biyu suka ƙulla da son ransu, kowa ya fahimci abin da take nufi, sai fa idan riƙe su a kanta zai zama rashin adalci. Alƙalai takwas ne suka tafi a kan haka. Ɗaya ta saɓa, Brenda Hale, ita kaɗai ce mace a cikinsu, ta kuma ja hankali cewa irin waɗannan takardu galibi mai rauni suke cuta, mai raunin kuma galibi mace ce. Ina ganin gargaɗinta bai tsufa ba.

Daga waɗannan shari'u ne lauyoyi suka fitar da abin da ke ba yarjejeniya ƙarfi. Kowa ya samu lauyansa daban, domin lauya ɗaya ba zai tsaya wa masu jayayya biyu ba. Kada a yi matsi ko barazana ko gaggawa. Abin da aka raba ya biya buƙatar kowa da ta yara. Sannan, wanda ya fi duka, kowa ya bayyana dukan abin da ya mallaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Charles Sharland ya ɓoye wa matarsa Alison cewa ana shirin kai kamfaninsa na kwamfuta kasuwar hannun jari, abin da zai ɗaga darajarsa sosai, ta amince da rabo bisa ƙaramin ƙiyasi. A Oktoba 2015 Kotun Ƙoli ta rushe daidaitawar, ta ce wanda ya yi yaudara ba zai ci ribar yaudararsa ba. Wannan ya shafi namu kai tsaye: fili a Kano, gida a Abuja ko Yamai, shanu a ƙauye, duk dukiya ce da kotun Ingila ke son a lissafa, ko da aiwatar da hukunci a kansu zai yi wuya.

Akwai kuma abubuwan da yarjejeniyar ba ta iya yi ko da an tsara ta da kyau. Ba ta raba fansho, domin kamfanin fansho umarnin kotu kawai yake bi, fansho kuwa a gidaje da yawa shi ne dukiya mafi girma bayan gida, kuma shi aka fi mantawa. Ba ta ɗaure banki: idan bashin gida da sunan mutum biyu aka ci, banki na iya bin kowannensu dukan kuɗin, ko me suka rubuta a tsakaninsu. Ba ta rufe maganar yara, domin dokar yara ta 1989 ta sa maslahar yaro sama da alkawarin iyaye, kuma akwai hukumar gwamnati da ke lissafa kuɗin ciyar da yaro daga albashin wanda ba ya zaune da shi. Ba ta kuma ba kowa damar sabon aure ko sabuwar rajista. Idan ɗaya ya mutu ba wasiyya kafin hukuncin ƙarshe, abokin zaman da suka rabu shi ne dai magajin farko a idon doka. Idan akwai 'ya'ya, shi zai ɗauki kayan amfanin mamacin da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage. Shi ya sa lauyoyi ke cewa ranar da aka rabu a sake wasiyya.

Hanyar rufe ƙofa ita ce a ɗauki abin da aka daidaita a kai wa alƙali, tare da taƙaitaccen bayanin dukiyar kowa, ya duba ya mayar da shi hukuncin kotu bisa yardar juna. Yawanci ba sai an bayyana a gabansa ba. Ana iya yin haka bayan hukuncin farko, ya fara aiki bayan na ƙarshe, kuma ana iya sa sharaɗin cewa daga yau babu mai bin wani komai har abada. Ko waɗanda ba su da abin rabawa suna buƙatarsa, kamar yadda labarin Vince ya nuna. Lauyoyi kan shawarci mai rauni kada ya yi gaggawar neman hukuncin ƙarshe kafin a gama maganar kuɗi, domin da zarar igiya ta tsinke ya rasa haƙƙin da yake da shi a fanshon ɗayan idan mutuwa ta zo. Wanda kuma ya yi sabon aure kafin ya shigar da buƙatarsa ta dukiya ya rufe wa kansa yawancin ƙofofin. Idan an kasa daidaitawa, tun 2014 doka ta ce a fara ganin mai sasanci kafin a je gaban alƙali, ban da inda ake duka ko cin zarafi. Abin takaici shi ne tun Afrilu 2013 gwamnati ta janye tallafin lauya daga yawancin shari'un iyali, sai ya zama wanda ya fi buƙatar shawara shi ne ya fi rasa ta.

Duk wannan dokar Ingila da Weils ce. A Sikotlan yarjejeniyar rabuwa ta fi ƙarfi nesa: idan aka yi mata rajista a kundin hukuma da ke Edinbara, ana aiwatar da ita kamar hukuncin kotu, kuma da wuya a rushe ta. Can har yanzu ana jiran shekara ɗaya ta rabuwa da yardar juna, ko biyu ba yarda. A Faransa, wadda 'yan Nijar suka fi sani, tsarin zaman rajista da aka kafa a 1999 ya fi sauƙin kwancewa, domin mutum ɗaya na iya kawo ƙarshensa ta hanyar aika sanarwa ta hannun jami'in shari'a, kariyar da yake bayarwa kuma ba ta kai ta aure ba.

Wanda takardar zamansa a Birtaniya ta dogara da abokin zamansa yana da ƙarin damuwa, domin doka ta wajabta a sanar da ma'aikatar cikin gida idan an rabu, ana kuma iya gajarta masa biza. Akwai hanya ta musamman ga wanda aka ci zarafinsa idan abokin zaman ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, kuma ya kamata mata su san da ita kafin wani ya tsorata su da cewa za a mayar da su gida.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne matsayin matan da aka ɗaura wa aure a Ingila bisa Musulunci ba tare da rajistar hukuma ba. Nasreen Akhter, wadda ita kanta lauya ce, an ɗaura mata aure da Mohammed Shabaz Khan a wani gidan abinci a Landan a 1998, gaban liman da shaidu. Suka zauna shekara 18, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ta ce ta sha neman a je a yi rajista, bai yarda ba. Da zama ya ƙare, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a Fabrairu 2020 cewa bikin bai cika sharuɗɗan dokar aure ba ko kaɗan, don haka babu auren da kotu za ta raba, babu kuma rabon dukiya irin na ma'aurata. Mutum biyu da suka sa hannu a ofishin rajista bara sun fi ta kariya. Matar da ke wannan hali ana ɗaukarta kamar mai zaman tare kawai: za ta iya neman ciyar da yara da matsuguninsu, amma ita kanta ba ta da ciyarwa ko kason fansho, gida kuma sai ta tabbatar da cewa tana da hannun jari a cikinsa. A irin wannan yanayi yarjejeniyar rabuwa takan zama kusan abin da ya rage mata, kuma ana duba ta ne kamar kowace kwangila.

Auren da aka ɗaura a Kano ko Damagaram bisa dokar wurin, shi kotun Ingila tana karɓarsa a matsayin aure. Amma sakin baki da miji ya furta a cikin Birtaniya ba ya tsinke shi a idon dokarsu, domin dokar 1986 ta ce kotu kaɗai ke raba aure a ƙasar. Wanda kuma ya garzaya gida ya yi saki don ya kauce wa rabon Ingila, ya san da shari'ar Agbaje: ma'aurata ne 'yan Najeriya da suka yi shekaru 38 tare, kotun Legas ta raba su, matar ta koma kotun Ingila ta ce abin da aka ba ta bai isa ba, Kotun Ƙoli kuma ta tsaya mata a Maris 2010 saboda doguwar alaƙar iyalin da Ingila.

Kwamitin da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mona Siddiqui ya ba da shawara a 2018 cewa a riƙa haɗa ɗaurin aure da rajistar hukuma, hukumar gyaran dokoki ma ta kawo nata tsarin a 2022. Waliyyin da zai ba da 'yarsa a can yana da tambayoyi biyu da zai yi kafin a shafa fatiha: shin masallacin yana da rajistar ɗaura aure da jami'in da hukuma ta amince da shi, idan kuma babu, wace rana aka tsayar don zuwa ofishin rajista.